In tsohuwar a-kori-kura ta ƙi tashi da safe ko tana rawa a silo

Da hunturu ya shigo za ka fara ganin masu tsofaffin Hilux da Peugeot 504 fikof ana tura su da sassafe, yara biyu a baya direba na jiran ya saki kuloci. Abin haushin shi ne in ka kai ta gareji da rana tsaka ta riga ta yi zafi, bugu ɗaya take tashi, bakanike ya ce maka oga ai motarka lafiya lau. To shi ya sa binciken nan da asuba ake yin sa, injin na sanyi, kafin kowa ya taɓa komai. Zan yi misali da Hilux mai injin 22R, mai lita 2.4 da kafireta, amma kusan duk tsohon injin fetur haka yake.

Fara da kunne. Murɗa makulli ka saurara. In kik ɗin na jan jiki kamar wanda bai karya ba, to matsalar wuta ce, ka bar kafireta ta huta. Batir mai lafiya da ya kwana yana nuna kusan volt 12.6 a mitar awon wuta, kuma lokacin da ake buga kik bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Duba kan batir, wannan farin garin da ke taruwa a kai, kwance shi ka wanke ka goge da sanfefa, sannan ka bi wayar at, wato wadda ta tashi daga kan negatif na batir ta tafi jikin injin, sau da yawa a nan take sakewa kuma ba mai kallon ta.

In kuwa kik na juyawa garau amma ta ƙi kamawa, sai cok. Nan ne fa yawancin ciwon yake. Fetur ba ya tashi ya gauraya da iska sosai in akwai sanyi, don haka injin na buƙatar mai da yawa iska kaɗan na 'yan mintoci, aikin cok kenan. Cire murfin iyakilina ka leƙa bakin kafireta, taka totur sau ɗaya ka saki, wannan faifan na sama ya kamata ya rufe. In yana tsaye a buɗe ka kama ɓarawon. Ni tawa da na saye ta wani ya ɗaure cok ɗin da waya wai yana shan mai, wata uku ina zargin batir, har sabo na saya wallahi a banza. Kana nan dai ka ja totur da hannu kana haska toci, ya kamata ka ga mai ya yi tsartuwa a ciki. In babu, man ya tsiyaye ko ya bushe cikin dare, sai ka duba fil famfo da filta.

Akasin haka kuma akwai: cok ya rufe ya ƙi buɗewa bayan ta yi zafi, sai baƙin hayaƙi a salansa da warin ɗanyen fetur, fulogi su yi baƙi ƙirin.

Toh ta tashi amma tana rawa a silo, wato injin na aiki ba ka taka totur ba, sitiyari na karkarwa, da ka ɗaga ƙafa ta mutu. Don Allah kada ka bari a fara murɗa sukurun silo, ɓoye ciwon kawai ake yi, gobe ya dawo kuma an lalata saitin. Nemi inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya tukuna. 22R na da ƙananan tiyo birjik kewaye da kafireta, zafi da shekaru sun busar da su, ɗaya ya tsage shikenan. Saurari wani sauti sss, ko ka fesa ɗan maganin wanke kafireta a gindinta da bakin manifol, in ƙarar injin ta canza to nan ne. Kaɗan-kaɗan fa, nesa da salansa, abin yana kama wuta. Har babban tiyon da ya tafi sabo (servo), wato tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, ka matse shi da filaya ka ji ko rawar ta lafa.

Sai fulogi. Cire su huɗun ka jera yadda suke a injin, kada ka cakuɗa. Launin ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo baƙin mai ne ke hawowa, fari tas kuma iska ta yi yawa. Tazarar bakinsa milimita 0.8 ce. Don gane silindar da ke barci, injin na aiki ka zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba, wadda ka zare ba abin da ya canza ita ce. Tsarin wutar 1-3-4-2 ne, a tabbata ba a sauya wayoyi ba. Buɗe hular dilko, wato mai raba wa fulogi wuta, ka duba tsagewa ko danshi, da dare kuma ka ɗaga bonet cikin duhu, wayar da ta mutu za ka ga tana tartsatsi shuɗi.

Wani abu da ake yi a garejinmu, cire tamostat, wato abin da ke tare ruwan lagireto har injin ya yi ɗumi, a jefar wai ƙasarmu da zafi. Injin sai ya daɗe bai yi ɗumi ba, da safen Disamba a Jos ko Zariya ka yi tafiya mai nisa allurar zafi na kwance, silo kuma ba zai daidaita ba. A mayar da shi. Iyakilina ma ƙurar hunturu na toshe shi cikin 'yan makonni.

In duk wannan lafiya, a saita bawul da injin a zafi, tazarar milimita 0.20 na shiga 0.30 na fita, sannan a gwada kwamfireshan. Silinda ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran sosai, zuba mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa, in awon ya ƙaru ringi ne, in bai motsa ba bawul ne ko gaskit.

Masu dizal irin 2L da 3L ku taku daban ce, ba cok ba fulogin wuta. Farin hayaƙi da asuba yawanci hita ce ta mutu, wato abin da ke ɗumama silinda kafin a buga kik, rewaya zai gwada su ɗaya-ɗaya. In kuma sai ka danna famfon hannun da ke kan filta sau da yawa kafin ta tashi, iska ce ke shiga layin mai cikin dare, bi tiyo da kilif tun daga tanki.