Kafin ku sauke giyabos ɗin tsohuwar 504

'Yan'uwa masu tsohuwar Peugeot 504, ba kowace jijjiga ce laifin giyabos ba. Ku tada mota, ku bar ta a firi, ku kasa kunne. In gurnanin ya ɗauke da zarar kun taka kuloci, boris ɗin cikin giyabos ne. In sai an taka yake kuka, na kuloci ne.

Ku ja ta a titi, kamar daga Kwangila zuwa Samaru a Zariya. Jijjigar da ke ƙaruwa da gudu, ko a firi, a fara duba taya da farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya.

Ku tsiyaye man giya. Garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki? To a buɗe giyabos ɗin. Don Allah kada ku bari bakanike ya dinga dukan sabon boris da guduma, nan yake mutuwa. A ɗumama shi, a danna a hankali.