Kurakuran da muke yi wajen dubiya, barka da gaisuwar mutuwa

Zumunta a ƙafa take, kuma ta wannan fanni ba wanda zai zargi matan ikilisiyoyin Zariya da ƙiwuya. Daga Wusasa zuwa Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru, da zarar an sanar a sujadar Lahadi cewa wance ta sauka, ko wane yana kwance a asibitin koyarwa na Shika, ko an yi rashi a gidan wane, kafin Talata za ki ga 'yan Zumuntar Mata sun ɗaura ankonsu, kowa da kula a hannu. Niyya kam akwai ta. Sai dai sau da yawa mukan tafi mu bar wa gidan aikin da ya fi wanda muka tarar, masu gida kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kowa ta ɗora tukunya a rana guda. Kwana biyun farko a gidan makoki za ki ga shinkafa da miya, tuwo, dambu, waina, an jera kuloli har ba wurin taka ƙafa. Wadda ta rasa miji ba ta iya haɗiye loma uku, wutar lantarki kuma ba tabbas balle a ce a sa a firji. Washegari rabi ya yi tsami. Bayan mako biyu, an yi jana'iza, dangi sun koma garuruwansu, sai gwauruwa ta zauna da 'ya'yanta ba mai leƙowa, alhali a lokacin ne kaɗaici da yunwa suke fara shigowa. Gyaran ba wuya. Magatakardar Zumunta ta ɗauki biro ta raba kwanaki, mata biyu a rana, a ja abin har mako shida. Wadda ba ta da sukunin girki ta kai ɗanyen kaya: garin masara, man gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, har da gawayi. Waɗannan ba sa lalacewa, kuma ranar da aljihu ya bushe su ne za su rufa asiri.

Kular ma kanta matsala ce. Kada ki bar wa mai makoki aikin tuna wace kula ce ta wa. Ki juye a kwanonsu, ki wanke taki ki tafi da ita, ko ki rubuta sunanki a gindinta da jan farce, ki kuma aiko yaro ya karɓa.

Ga mara lafiya, mukan dafa abin da mu muke jin daɗinsa. Farfesu ya sha dunƙule da gishiri, a kai wa mai hawan jini. A kai wa mai ciwon suga kunun zaƙi da lemon kwalba, shi kuma don kada a ce ya raina, sai ya sha. Wani ma an hana shi cin komai saboda za a shiga da shi tiyata, ga mu nan muna ta "daure ka ɗan taɓa". Kafin ki hura wuta, ki kira mai jinya ki tambaye ta abin da likita ya hana da abin da majinyacin yake sha'awa. Sau da yawa fate mai ruwa-ruwa da alayyafo ko kunun gyaɗa marar sukari ya fi masa naman kaza. Ita mai jinyar ma mun cika mantawa da ita, ga ta kan tabarma kwana da kwanaki, ba barcin kirki. A kai mata nata abincin daban, a karɓe ta na awa biyu ta je ta yi wanka, in da hali a damƙa mata kuɗin mota, don zirga-zirga tsakanin gari da Shika tana cin kuɗi. Amma jiƙo da sassaƙe, da cewa a ajiye magani a dogara ga bangaskiya kawai, wannan a bar shi a gida. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne.

Batun mai jego kuwa, mu mutanen Zariya ya fi shafa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi rubuce-rubuce kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Duk da haka har yau akwai iyayenmu da ke ganin ba a yi jego ba in ba a cika kunu da kanwa ba. Ki dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. In kuma kin je barka kin ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada ki ce gajiyar haihuwa ce, a koma asibiti a ranar.

Masu saƙa kuma, Allah ya ƙara basira, aikin Dokas kuke yi, wadda gwauraye suka yi ta nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka musu. Amma a duba wata. Jaririn da aka haifa a Afrilu, ana tsakiyar zafi, ba ya buƙatar rigar ulu mai kauri. In za ki saƙa, ki auna girman da zai kai a Disamba lokacin hunturu. Hula da safa daidai kan ɗan kwana bakwai kafin wata guda sun matse shi. A nemi zare mai laushi, a wanke kafin a kai, a kuma bar liƙa duwatsu da maɓallai, don yaro komai baki yake kaiwa.

Inda aka fi ɓarna dai shi ne a baki. "Ki binciki kanki, ko akwai wani zunubi." "Haba, daina kuka, ina bangaskiyarki?" Ko a kawo labarin wata da irin wannan ciwon ya kashe bara. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi, a ƙarshe Allah da kansa ya tsauta musu. Da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Shi ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Saboda haka "sannu, ya jiki?" ko "ya ƙarin haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ku" sun wadatar. In mai makokin tana son ta yi maganar mamacin, ki saurara, ko da ta maimaita labarin sau biyar.

Addu'a ma tana da ladabi. A ɗakin asibiti akwai wanda aka yi wa aiki jiya, akwai Musulmi a gadon kusa, akwai wanda da ƙyar ya samu barci. Mu goma mu kewaye gado da waƙa da ɗaga murya, wannan takura ce. Mutum biyu su shiga, a tambayi majinyacin ko yana so, a karanta masa Zabura ta 23 ko ta 121 a hankali, a yi gajeriyar addu'a, a gaida na gadon kusa, a fita. Minti goma sha biyar ya isa. A gida kuma kada mu baje a falo har mai jego ta aika a sayo mana lemo.

In maƙwabciyar da za ki duba Musulma ce, ki sayi naman wurin mahauci a kasuwa, ki kuma faɗa mata tun kina ajiye kwanon, don ta ci hankali kwance. In watan azumi ne, ki daidaita girkin ya isa gidan gab da shan ruwa.