Kurakuran da aka fi yi wajen hira da masana marubuta

Abin da ya fi kashe hira shi ne mai tambaya ya zo bai karanta littafin ba, ya buɗe da "Farfesa, me littafin nan ya ƙunsa?" Marubucin zai maimaita abin da ke rubuce a bangon baya, minti goma su tafi a banza. In lokaci ya ƙure, a karanta gabatarwa da babin ƙarshe, a ƙara da babi ɗaya na tsakiya haɗe da ƙananan bayanan da ke ƙasan shafi. A cikinsu ne masani kan ambaci waɗanda yake jayayya da su, kuma daga jayayyar nan tambaya mai nauyi take fitowa.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa: a tambayi abin da aka gano, a manta da yadda aka gano shi. Masanin tarihi ya ce tsadar burodi na cikin abubuwan da suka tunzura mutanen Faris, babban birnin Faransa, zuwa juyin juya hali a 1789, mai tambaya ya gyaɗa kai ya wuce. Nan ne wurin tsayawa. Da me aka san haka, rajistar kasuwa ce, wasiƙu ne, ko rahoton 'yan sanda? Wa ya rubuta takardar, don wa? Marubucin kimiyya kuwa a tambaye shi mutum nawa aka yi gwajin a kansu, ko akwai rukunin da aka kwatanta da shi, ko wasu sun maimaita sun samu abu ɗaya. Masanin zane ma kada a tsaya kan "me hoton yake nufi". Misali, Michelangelo, shahararren mai zane ɗan Italiya, ya zana rufin ɗakin ibada na Sistine da ke Vatican tsakanin 1508 da 1512 a kan ɗanyen shafe, dole ya gama kowane yanki kafin ya bushe. Tambaya kan wannan takurar takan buɗe bakin masani fiye da kowane yabo.

Masanin siyasa kada a mai da shi boka. "Wa zai ci zaɓe?" ba fanninsa ba ne, abin da ya nazarta shi za a tambaya.

In ya furta kalmar da ba a gane ba, a dakatar da shi cikin ladabi: "Malam, a ba mu misali ɗaya." Masu sauraro ma ba su gane ba, kunya ce kawai ta hana mai tambaya faɗa.

A ajiye makirufo kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, a naɗi rabin minti a saurara kafin a fara, a kashe fanka.

Wajen tace hira kuma ake tafka ɓarna mafi muni. Masani ya ce "wataƙila" ko "a yawancin wuraren da muka duba", edita ya yanke don jimlar ta yi kaifi, sai a jingina masa iƙirarin da bai yi ba. Waɗannan kalmomi su ne iyakar hujjarsa, a bar su yadda suke. Kafin bugawa a tura masa sunaye da shekaru da alƙaluma ya duba.