Yadda ake zaɓen kifin ras da riƙonshi a akwatin ruwan teku cikin zafin Maraɗi

Mu masu kiwon kifin teku a Maraɗi ba mu da yawa, shi ya sa in wani ya yi asara labari bai daɗewa ya iso min. Kuma kusan kullum asarar iri ɗaya ce. Mutum ya zuba jikkunanshi, kifi ya sha tafiya tun daga Indonesiya ko Kenya, ya sauka Legas, ya biyo Kano, ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, ya iso da ranshi lafiya lau, sannan kafin sati ya zagayo a tsince shi a ƙasa bayan akwati ya bushe kamar kilishi. Wallahi abin yana min ciwo, don ras, wanda ake kira wrasse da Turanci, kifin teku ne mai daɗin kiwo, ga launi ga kazar-kazar, ƙananan irinshi ba su taɓa murjani, kuma abin da ke kashe shi a nan yawanci abu ne da ake iya tarewa da kuɗi kaɗan.

Ba zan tsaya kan haɗa ruwa ba, na ɗauka akwatinka ya yi wata uku ko huɗu yana aiki, ƙwayoyin halitta masu tsabtace ruwa sun kama a duwatsu, ma'aunin gishiri na kan 1.025 zuwa 1.026, wato wajen giram 35 a lita guda, kuma gishirin akwatin teku ka sa ba na Bilma ko na miya ba. In ba ka kai nan ba to ka dakata da maganar ras tukuna.

Abu na farko, tun kafin ka tura ko dala, murfi. Ras tsalle yake yi, duk danginshi haka suke, kuma sun fi kala 600. A teku in ya tsorata sai ya harba sama ko ya nutse cikin rairayi, a akwatinka kuwa saman nan tsakar ɗaki ne. To matsalarmu a nan ita ce zafi. Ruwan murjani yana son digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu garin yana wuce 40, sai kowa ya buɗe saman akwati ya kafa fanka tana hura ruwan don ya huce. Ni ma haka na yi. Ina da wani namijin Paracheilinus, irin waɗanda ke buɗe ƙayar bayansu suna walƙiya da maraice, na fi wata biyar da shi. Wani dare aka ɗauke wuta, da ta dawo fitilar akwati ta kama gaba ɗaya lokaci guda, famfuna suka tashi da ƙara, da asuba na same shi a ƙasa. Sai na sa aka yanka min gilashi na rufe ruf, kwana biyu ruwa ya hau digiri 30, kifaye suka taru a sama suna haki, saboda ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinshi raguwa take yi, ga gilashin ya hana tururi fita. Na cire shi.

Abin da ya yi min aiki shi ne raga ta roba mai haske, wadda idonta bai wuce milimita 6 ba, a ɗaure ta a firam na alminiyom ko na roba daidai bakin akwati. Iska na shiga, fanka na aikinta, haske na wucewa, kifi in ya harbo sai ya koma ruwa. Kar ka sa ragar ƙarfe ta taga, gishiri zai cinye ta tsatsa ta zuba cikin ruwa. Sange ma na gwada, idonshi ya yi ƙanƙanta, yana tare haske kuma da hunturu ƙura ke toshe shi cikin kwana uku. Sannan ka bi duk wata kafa da waya ko tiyo ke wucewa ka toshe ta da soso, don ramin da ɗan yatsanka zai shiga to ras ma zai fita ta nan, kuma mutane nan suke sakaci, su yi raga mai kyau su bar kusurwa a buɗe. In ka ɗaga ragar don ba da abinci ka mayar nan take, kar ka ce bari in amsa waya in dawo. Fitilar kuma in tana da tsarin kamawa a hankali ka saita shi, in babu ka riƙa kashe makunninta duk lokacin da wuta ta tafi da dare. Ƙaramin famfon iska mai batir dole ne, ba shi da tsada, shi ke riƙe kifi in wuta ta daɗe. Kuma tunda fanka na shanye ruwa sosai, kullum ka cika da ruwan da aka tace marar gishiri, don ruwa ne ke tashi gishirin yana nan.

Sai zaɓe. Ni a wurina mai farawa ya tsaya kan gida uku kawai. Akwai Cirrhilabrus da Paracheilinus, ƙanana ne, santimita 7 zuwa 13, suna yawo a tsakiyar ruwa suna cafke abinci, ba ruwansu da murjani ko jatan lande, da dare su shige ramin dutse su lulluɓe kansu da wani yauƙi su kwana. Sai Halichoeres, musamman chrysus mai ruwan ɗorawa da melanurus, waɗannan ma'aikata ne, yini suke suna tsince tsutsotsi da ƙananan katantanwa masu cutar da murjani, sai dai in sun girma suna iya taɓa ƙaramin jatan lande, ka san da wannan. Akwatin da bai kai lita 200 ba ni ban ba da shawarar a sa ko ɗaya cikinsu, kifi ne mai son fili.

Wanda za a fi tallata maka shi ne mai layi shida, Pseudocheilinus hexataenia, don yana da araha kuma yana jure tafiya. Kar ka saya. In ya kama wuri babu wani ras da zai sake shiga akwatin nan ya zauna lafiya, zai bi shi da cizo har ya yi tsalle ko ya ƙi cin abinci, kuma kama shi cikin duwatsu sai ka rushe akwatin duka. Haka Macropharyngodon mai zanen damisa, kyau kam ba a magana, amma bai jure doguwar tafiya, sau da yawa yana isowa da tsutsar ciki ko bakinshi ya ji ciwo wajen neman haƙa a cikin leda, hanyarmu kuwa ta yi mishi nisa. Labroides dimidiatus mai yi wa kifaye wanka a bar shi a teku, abincinshi a jikin manyan kifaye yake, akwatin gida bai ƙosar da shi. Sannan ka yi hattara da ƴaƴan Coris gaimard, jajaye da farin tabo, ana kawo su kamar ɗan yatsa amma suna kai santimita 40, su riƙa kifar da duwatsu da murjani suna neman abinci. Thalassoma lunare ma haka, duk jatan lande da ƙaguwar akwati sai ya gama da su. Ka sa mai sayarwa ya turo maka sunan kimiyya da bidiyon kifin yana cin abinci, in ya ce ai ras ne kawai mai kyau to ka haƙura.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, irin waɗannan kifaye mace ce ke rikiɗa ta zama namiji. Saboda haka sayen miji da mata kala ɗaya ba dabara ba ce, bayan ƴan watanni sai ka ga macen ta fara canza launi, ka wayi gari da maza biyu suna faɗa. Gara ɗaya-ɗaya daga kala daban, kuma ƙarami ya fi babban namiji mai cikakken launi jure hanya, ya kuma fi sauƙin kuɗi.

In Halichoeres ka zaɓa to sai rairayi, don cikinshi yake kwana. Mai laushi na aragonait, wato rairayin da ake sayarwa don akwatin teku, kaurin santimita 5 zuwa 8. Ba rairayin Gulbi ba, ba tsakuwa mai kaifi ba, tana yanke mishi baki da ciki. Ranar da ka sake shi zai nutse ya ɓace, wani kwana biyu wani har sati ko fiye, kuma a nan ne sabon mai kiwo ke sa hannu yana tono don ya ga ko ya mutu. Don Allah ɗan'uwa kar ka tona. Agogon jikinshi na can inda aka kamo shi, yana iya fitowa tsakar dare kana barci ya koma, a hankali zai daidaita da fitilarka. Tonon nan tsoro yake ƙara mishi, wani daga nan bai sake cin abinci.

Ranar isowa ka yi ƙoƙari kaya su shigo da dare ko da sassafe cikin kula, kar su yini a tasha. Ka kashe fitila, ka ɗora ledar kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, ka auna gishirin ledar da naka, in sun yi kusa ka sake shi, kar ka zuba ruwan ledar. Ya fara zama a ƙaramin akwatin keɓewa sati huɗu, da murfi shi ma, da ɗan kwanon roba cike da rairayi in mai nutsewa ne. Maganin tsutsa firazikwantel yana karɓarshi, amma maganin jan ƙarfe ras bai cika jure shi ba, in ya zama dole a ɗaga shi kaɗan-kaɗan ana aunawa.

Wajen shigar da shi babban akwati, masu sanyin hali su fara shiga, Paracheilinus, sai Cirrhilabrus, Halichoeres daga baya. Sabo ya yi kwana biyu ko uku cikin ɗan kejin roba mai haske a rataye a ciki, tsofaffi su gan shi su saba. Abinci sau biyu ko uku a rana kaɗan-kaɗan, maisis daskararre, wato wani ɗan ƙaramin jatan lande, shi ne gaba, in firijinka ya narke ya sake daskarewa ka zubar da shi, shi ya sa tun farko nake koya musu cin busasshen abinci mai ƙwaya. In babu maisis ka samo ɗanyen jatan landen teku ka kankare shi ƙanana. Canjin ruwa kashi 10 cikin 100 duk sati ko sati biyu, kuma a watan Disamba da Janairu ka duba na'urar ɗumama ruwa tana aiki, don sanyin asuba yana saukar da akwatin ƙasa da 24.