Kurakuran da sabon mai binciken manhaja ya fi yi

Aikin mai binciken masu amfani da manhaja, wanda 'yan harkar ke kira binciken UX, shi ne ya zauna da mutane ya ga inda manhaja ke wahalar da su, ya kai wa masu ƙera ta. Sababbin shiga kusan rami ɗaya suke faɗawa, kuma daga bakin tambaya ake farawa.

"Alhaji, ai wannan sabon shafin ya fi sauƙi, ko?" Wace amsa kake jira daga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ba ka kujera, ya aika a sayo maka ruwa? Cewa zai yi ya yi kyau. Kara ce ya yi maka. Mutanenmu ba sa kushe aikin baƙo a gaban idonsa, balle in sun ɗauka shi ya yi. Saboda haka tun kafin a fara ka ce masa, "Alhaji, ba ni na ƙera ta ba, kuma ita muke gwadawa, ba kai ba." Daga nan ka bar neman ra'ayi, ka ba shi aiki: "A tura wa yaron shago naira 5,000." Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana dannawa, kai kuma idonka na kan yatsansa. Inda ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya ja tsaki, su za ka rubuta.

Sai gaggawar kai ɗauki. Ya ɗan rikice, tausayi ya kama ka, ka nuna masa inda zai danna. Ka kashe gwajin ke nan. Yi shiru, ƙirga goma a zuci. In ya tambaye ka, mayar masa: "A ganinka me zai faru in ka danna nan?"

Kowane sabon shiga ya ji maganar da Jakob Nielsen, wani masanin wannan harka, ya yi a shekarar 2000, cewa gwaji da mutum 5 kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. Abin da ake mantawa shi ne maganar ta shafi mutane masu kama da juna. Mai POS daban, matar aure mai sayar da kayan miya daga cikin gida daban, ɗalibin jami'a daban. Kowane rukuni a nemo nasa. Abokan ofis kuwa ba sa cikin lissafi. Kuma mutum 5 ba su isa a fitar da kaso ba. Rubuta "3 daga cikin 5 sun kasa", kada ka ce kashi 60.

Gwaji a babbar wayarka ma kuskure ne. Yi shi a kan itel ko Tecno ɗin mai ita, da fasasshen gilashinta da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. In gidan matan aure za a shiga, mace za ta je, bayan an nemi izini.

Kada ka kunna rikoda sai ka faɗi abin da za a yi da muryar, an kuma amince. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko babu doka, lambar asusu da BVN amana ce. Rufe su kafin hoton allo ya bar wayarka.

Rahoto mai shafi 40 ba wanda zai karanta. Zaɓi matsaloli uku mafi tsanani, kowace da gajeren bidiyon mutum yana fama da ita. In da hali, ka janyo mai zanen manhajar ya bi ka kasuwa, ya zauna a gefe, bakinsa a rufe.