Yadda ake mayar da allura da ƙusa maganaɗisu a gida

Maganaɗisu, wanda yara ke ce wa mayen ƙarfe, iri biyu ne. Akwai na asali, wani baƙin dutse mai tama da ake kira magnetait, amma jansa ba shi da ƙarfi, kuma da wuya ka same shi a kasuwa. Sauran duk ƙirar mutum ne, kamar baƙin zoben da ke bayan sifika. Idan kana Kumasi, masu gyaran rediyo da 'yan gwangwan na Suame Magazine ba sa rasa matacciyar sifika. Ɓalle zoben, da shi za ka yi aiki.

Fara da gwada kayan. Ƙarfe, nikel da kobalt su ne yake ja. Jan ƙarfe, alminiyam, zinariya da azurfa kuwa ko gezau. Cokalin silba ma wani ya kama, wani ya ƙi, gwargwadon haɗinsa.

Ɗauki allurar ɗinki. Da fuska ɗaya ta zoben, goga ta daga kafa zuwa tsini, ka ɗaga hannu sama sosai, ka dawo kafa, ka sake. Yi haka sau 40 zuwa 50. Kada ka yi ta kai da komo kamar mai wasa wuƙa, don abin da tafiya ta shirya, dawowa za ta rushe shi. Dalili kuwa, a cikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna, kowanne maganaɗisu ne, sai dai kowa ya fuskanci inda ya ga dama. Gugar ce ke daidaita musu sahu.

Soka allurar a ɗan guntun soso ko toton kwalba, ka ɗora a kan ruwa cikin roba. Roba fa, ba kwanon samira ba, domin ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin, zai janye allurar gefe. Nisanta wayar hannu da zoben sifikar. Allurar za ta juya a hankali ta tsaya kudu da arewa, saboda duniya kanta maganaɗisu ce, kamar yadda William Gilbert na Ingila ya bayyana a 1600. Daga Kumasi alƙibla tana kusan digiri 65 daga arewa zuwa gabas, sai ka kwatanta da masallacin unguwarku.

Maganaɗisun lantarki ya fi ban sha'awa, William Sturgeon ne ya fara nuna shi a 1825. Nemi ƙusa mai inci 4, batirin tocila babba mai bolt 1.5, da siririyar wayar jan ƙarfe mita 2 daga wurin masu naɗin koyil ɗin fanka. Naɗa wayar a jikin ƙusa sau 80, a matse, duk ta gefe ɗaya. Idan ka juya hannu a tsakiya, rabin naɗin zai kashe ɗaya rabin. Sannan ka kankare bakin wayar biyu da reza har su yi ƙyalli. A nan mutane suka fi faɗuwa: wayar tana da fenti mai kama da ruwan zuma wanda ido ba ya lura da shi, wuta kuma ba ta ratsa shi. Taɓa bakunan a kai da gindin batiri, ƙusar za ta kwashi fil da ƙananan ƙusoshi. Kada ka wuce daƙiƙa 10, wayar na zafi har ta ƙona yatsa, batirin kuma ya mutu da wuri. Batirin mota da soket ɗin bango, kar ma ka kusance su.

Da ka cire batiri, yawancin fil ɗin za su zube, alhali allura tana riƙe da ƙarfinta kwana da kwanaki. Ƙusa ƙarfe ne mai taushi, sahunta na watsewa da sauri, allura kuwa mai tauri ce. In kana so ka kashe maganaɗisun allurar, buga ta da guduma ko ka sa ta a garwashi har ta yi ja: ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa a zafin digiri 770.