Yadda za ki haɗa kayan ɗakin 'yarki ba tare da kin ci bashin nuna isa ba

Ni ban ga laifin uwa ta so ɗakin 'yarta ya yi kyau ba. Wannan son ne yake tayar da mace da asuba ta soya ƙosai, ta yi shekaru tana zubin adashi. Da shi kafinta da mai ɗinkin labule da 'yan Kantin Kwari suke ciyar da iyalinsu. Allah ma ya ce kada mutum ya manta da rabonsa na duniya. Abin da ke ci min rai shi ne idan son ya koma gasa, har a sayar da fili don 'yan ganin ɗaki su yi shewa. Na daɗe ina sayar da kayan kicin a gida, ina raka iyaye kasuwa, ga abin da nake faɗa musu.

Kafin ki taka kasuwa, 'yar'uwa, ki ƙirga abin da ke hannunki: kwasar adashi, abin da uban yarinya ya bayar, da gudummawar da ta riga ta shigo. Wadda aka yi miki alkawari ba ta cikin lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya ba sa zama a farashi ɗaya, don haka ki ware wani abu a gefe.

Sai ki aika a auno gidan ango, a kuma tambayo ko ana samun wuta a unguwar. Na ga gidan da aka kai kujeru saiti biyu, falon bai ɗauki ɗaya da rabi ba. Sauran aka jingine a tsakar gida aka lulluɓe da tamfol, kafin damina ta wuce yadin ya yi funfuna, katakon ya kumbura. Uwar kuwa tana nan tana biyan dillaliya duk wata.

Ki fara sayen abin da za a taɓa kullum: katifa mai ƙarko, tukwane, risho ko gas, bokitai, zannuwan gado. A nan kada ki yi ƙoron kuɗi, domin araha ba ta ado. Bayansu sai abin da zai riƙe daraja ko ya kawo kuɗi. Ɗan kunnen gwal ɗaya ya fi mini jeren kulolin da za su shekara a kabad ba a buɗe ba, don ranar da ta ɓaci za a ɗora shi a sikeli a ba ta kuɗinta. Keken ɗinki ma haka, in ta iya. Kayan ado zalla su zo ƙarshe, da abin da ya rage.

A makonnin sayayya ki rage kallon bidiyon jeren amare a Instagram, ki kuma roƙi amarya ta rage. Ba ki san nawa ne na aro a ciki ba, ba ki san abin da aka jinginar ba.

Dangi za su yi magana, musamman a kan gara. Ki zaɓi yaya ko goggo guda mai faɗa a ji, ki nuna mata lissafin tun da wuri, ita za ta tare miki baki ranar jere. Rasit ɗin gwal da na keke kuma a rubuta su da sunan yarinyar, ki damƙa mata a hannunta kafin a kai ta.